Sankarar Maƙogwaro da Birus HPV: Abin da Ya Kamata Maza da Mata Su Sani

Tun da daɗewa lokotoro sun san sankarar baki da ta maƙogwaro, wadda ake kira kansa, da masu haifar da ita guda biyu, wato taba da giya. Galibin waɗanda take kamawa dattawa ne da suka yi shekaru suna sha. Amma daga wajejen 1990 asibitocin Amurka da na arewacin Turai suka soma ganin wasu majinyata dabam: magidanta masu shekara 40 zuwa 60, da ƙarfinsu, da yawansu ba su taɓa sa taba a baki ba, ga su kuma da kumburi a wuya. Bincike ya gano mai laifin. Ƙwayar cuta ce da ake kira birus HPV, ita ce kuma wadda ke haddasa sankarar bakin mahaifa ga mata.

Yadda aka gano shi

Wani masani Bajamushe, Harald zur Hausen, shi da abokan aikinsa suka gano HPV mai lamba 16 cikin sankarar bakin mahaifa a 1983, da mai lamba 18 a 1984. Wannan aiki ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2008. A cikin 1983 ɗin ne wata masaniya ta ƙasar Finlanda, Stina Syrjänen, ta ba da shaidar farko cewa birus ɗin yana iya shiga sankarar baki. A shekarar 2000 lokotoro Maura Gillison ta jami'ar Johns Hopkins a Amurka ta nuna cewa sankarar maƙogwaro mai ɗauke da HPV cuta ce mai zaman kanta. A 2007 cibiyar binciken sankara ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, OMS, da ke birnin Liyon na Faransa, ta amince da HPV 16 a matsayin sanadin wannan ciwo.

HPV iri-iri ne, sun haura 200. Mafi yawansu ba su da haɗari. Kimanin goma sha biyu ne aka tabbatar suna kawo sankara, a maƙogwaro kuwa lamba 16 shi kaɗai ke da wajen kashi 90 cikin ɗari na laifin. Wuraren da ya fi kama su ne gindin harshe da tsokoki biyu na gefen maƙogwaro, waɗanda ake kira amidal a gidan likita. Tsokokin nan suna da ƙananan ramuka masu fata sirirya, nan birus yake samun mafaka.

Yadda yake shiga, da abin da yake yi

Birus ɗin yana bi ta haɗuwar jiki wajen saduwar namiji da mace, yana kuma kai wa maƙogwaro musamman idan baki ya sadu da al'aura. Mafi yawan baligai na duniya suna gamuwa da shi sau ɗaya a rayuwarsu ba tare da sun sani ba. Cikin mutum 10 da suka ɗauka, wajen 9 jikinsu yana kashe shi kafin shekara biyu. Ga ƴan kaɗan ne yake maƙalewa.

In ya maƙale, yana fitar da sinadarai biyu da masana suka sa wa suna E6 da E7. Kowace ƙwayar halitta ta jiki tana da masu tsaro da ke hana ta hayayyafa ba bisa ƙa'ida ba. Sinadaran nan su ke kashe masu tsaron, kamar doki ne aka cire wa linzami. Amma abin ba ya faruwa da sauri: tsakanin ɗaukar birus da bayyanar sankara akan yi shekaru 10, 20, ko fiye. Saboda haka bai kamata miji ko mata su zargi juna ba idan ciwon ya bayyana, domin babu mai iya faɗin ranar da aka ɗauke shi.

A Amurka, cikin sankarar maƙogwaro da aka auna, kashi 16 cikin ɗari ne ke ɗauke da HPV tsakanin 1984 da 1989. Tsakanin 2000 da 2004 adadin ya kai kashi 72. A can yanzu masu kamuwa da ita kowace shekara sun zarce masu sankarar bakin mahaifa, maza kuma sun ninka mata wajen sau huɗu. A Afirka kudu da Sahara, ciki har da wani bincike da aka yi a Dakar, an sami HPV cikin kaɗan ne daga sankarar kai da wuya. A Nijar da maƙwabtanta, taba, ta busawa ko ta taunawa da kanwa, da kuma giya, su ne abin tsoro na farko. Birus ɗin ƙari ne a kansu.

Alamun da ba a rainawa

Alama ta farko sau da yawa kaluluwa ce a gefen wuya wadda ba ta zafi. Rashin zafin nan shi ke yaudarar mutane, su ce ai za ta saɓe da kanta. Sauran alamu su ne ciwon maƙogwaro da ya ƙi warkewa, wuyar haɗiya, ciwon kunne ɗaya ba tare da ruwa ba, shaƙewar murya, da amidal ɗaya da ta fi ƴar'uwarta girma. Ba kowane kumburin wuya ne sankara ba. Tarin fuka da maƙoƙo su ma suna kumbura wuya. Lokotoro ne kaɗai ke iya bambancewa, ta hanyar ɗiban ɗan nama a auna. Duk alamar da ta wuce sati uku, a kai ta gidan likita. Kai ta wurin wanzami a yi mata sakiya ko tsaga ba ya ƙara komai sai ɓata lokaci.

Akwai abin ƙarfafa zuciya. Sankarar da HPV ya haifar ta fi ta taba jin magani. Wani babban bincike na Amurka da aka buga a 2010 ya nuna cewa bayan shekara uku da jinya, kashi 82 cikin ɗari na masu ita suna raye, alhali ga waɗanda tasu ba ta HPV ba ce kashi 57 ne. Ana jinyar da fiɗa, da gashin haske, da magungunan ƙarin ruwa. Tun 2021 cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa da ke Yamai tana yin gashin haske, wanda a da sai an fita waje.

Riga-kafi

Mata suna da awon bakin mahaifa da ke gano cutar tun ba ta kankama ba. Maƙogwaro kuwa ba shi da irin wannan awo, shi ya sa allurar riga-kafi take da muhimmanci. Allurar farko ta fito a 2006, dukan ire-irenta kuma suna tare HPV 16. A 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ɗaya daga cikinsu don kare maƙogwaro. Allurar ba ta warkar da wanda ya riga ya ɗauka, don haka OMS ta sa ƴan mata masu shekara 9 zuwa 14 a gaba, a 2022 kuma ta ce allura ɗaya ma tana iya wadatarwa. Ingila ta shigar da yara maza a 2019, Faransa a 2021. Najeriya ta soma yi wa ƴan mata a watan Oktoba na 2023.

Yarinyar da aka yi wa allura ta tsare kanta, ta kuma tsare mijin da za ta aura. Uban da aka nemi izininsa ya tuna da wannan. Magidancin da ya shafa wuyansa ya ji ƙullutu kuwa, ko da bai taɓa shan taba ba, kada ya jira sai ya yi zafi kafin ya nemi lokotoro.