Shin Da Gaske Wahala Ba Ta Kisa?

Duk wanda ya ratsa Ƙofar Jatau ta Zariya da tsakar dare a goman ƙarshe na azumi ya san ƙarar keken ɗinki. Tela na kan aiki tun sahur, ido ya yi ja, ga shaddodin mutane jibge a kan benci, ga mai kaya tsaye yana cewa: "Maigida, jibi fa Salla." Ka ce masa ya ɗan runtsa, sai ya ce wahala ba ta kisa.

Tana kisa. A watan Mayun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da binciken da ya ƙiyasta cewa mutum 745,000 sun mutu a 2016 ta dalilin shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu nasaba da yawan aiki. Mai yin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar jiki a kansa ya ɗara na mai yin awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin ɗari. Ɗan acaban da ke jigila tsakanin Birni da Tudun Wada da Sabon Gari daga asuba zuwa isha, kwana shida, ya wuce awa 55 nesa ba kusa ba. Ajali na Allah ne, amma sababi ma an san shi.

Sai saƙon da ke yawo a WhatsApp, wai hukumar ta ayyana gajiyar aiki a matsayin cuta. A 2019 ta sa ta cikin kundinta, gaskiya ne, amma ta fayyace cewa ba cuta ba ce, matsala ce da ke tasowa daga wurin aiki: ƙarfi ya ƙare, aikin ya fita daga ran mutum, ƙwazo ya ragu. A ganina wannan ya fi nauyi, domin ya mai da tambayar kan yanayin aikin, ba kan ragwancin ma'aikaci ba.

Masu cewa doka ta mai da aiki kwana huɗu a duk Jihar Kaduna kuwa sun yi ƙari. Tsarin da gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta fara a Disambar 2021 na ma'aikatanta ne. Bai hau kan mai shago ko mai gidan burodi ba. Abin da Dokar Ƙwadago ta ƙasa ta tanada wa lebura da ƙaramin ma'aikaci shi ne hutun awa ɗaya idan aiki ya kai awa shida, yini guda a kowane mako, da aƙalla kwana shida na hutu da albashi bayan cika shekara. Yaran shago nawa suka taɓa jin wannan? Shi kuwa mai cin gashin kansa, tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, ranar hutunsa ita ce ranar da ba a ɗora tukunya ba.

Ƙaryar da ta fi ɓarna ita ce ta "maganin gajiya". Tramol ba ya cire gajiya, rufe ta yake yi. Maganin raɗaɗi ne mai kama jiki, yau ƙwaya ɗaya, gobe sai biyu, kuma yawansa na jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Wanda barci ya ƙaurace masa makonni, ko zuciya ke masa bugu, a fara gwada masa hawan jini a asibitin unguwa. In abin ya taɓa tunani, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa.