Bayan Aji Uku: Shin Kwalejin Fasaha Tana Rufe Ƙofar Jami'a?



A makon jiya, lokacin da aka tashi tara, hira ta ɓarke a ajinmu kan inda kowa zai nufa bayan jarrabawar aji uku. Wannan ya ce ɓangaren kimiyya, waccan ta ce ɓangaren kasuwanci. Da wani yaro ya ce shi kwalejin fasaha yake so, wadda muka fi sani da tekinikal, sai aka bushe da dariya. Aka ce masa ai waɗanda boko ya gagara ake turawa can, kuma duk wanda ya shiga ya yi sallama da jami'a. Yaron bai ƙara cewa uffan ba.

Abin ya tsaya mini a rai, domin yayana a irin wannan makaranta ya gama, yanzu kuma yana karatun difloma. Shi ya sa na zauna da shi, na kuma tambayi malaminmu na fasaha. Ga abin da na samo.

Me ake koyarwa a can?

Kwalejin fasaha makaranta ce ta shekara uku da ake shiga bayan an gama ƙaramar sakandare, daidai da babbar sakandare. Ɗalibi yakan zaɓi sana'a ɗaya ya ƙware a kanta. Akwai wayarin na lantarki, kanikancin mota, walda, kafinta, aikin birkila, aikin famfo, gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, da gyaran rediyo da talabijin. Wani lokacin yana aji da biro da littafi, wani lokacin yana ɗakin aiki da guduma ko sukundireba a hannu.

Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, ba a ajiye boko a bakin ƙofa. Ana yin Turanci da lissafi, masu sana'o'in injiniya kuma suna yin fiziks da kemistiri, har da zanen fasaha.

Lissafin da muke gudu yana jiran mu a wurin aiki

Yayana ya ba ni misalin da ya ba ni mamaki. Idan birkila zai fitar da kusurwar ɗaki ta miƙe sosai, yakan auna ƙafa 3 a gefe ɗaya, ƙafa 4 a ɗaya gefen. In tsakanin ƙarshensu ya ba da ƙafa 5 cif, kusurwa ta yi daidai. Wannan ita ce ƙa'idar Pythagoras da muke yi a allo: 9 a tara da 16 ya ba da 25, wato 5 sau 5. Haka kuma bulo mai inci 9 guda goma ne, ko kusa da haka, ke cike murabba'in mita ɗaya na bango. Wanda bai iya wannan lissafi ba, ko dai ya sa mai gida ya sayi bulon da ya yi yawa, ko aiki ya tsaya a tsakiya.

Mai wayarin ma haka. Dutsen guga mai wat 1,000 a kan wutar gida mai bolt 230 yana jan amfiya 4 da ɗoriya. Da irin wannan lissafi ake sanin kaurin wayar da za a sa. In aka sa siririya, sai ta yi zafi ta narke, daga nan sai gobara, Allah Ya kiyaye. To, yaya za a ce wannan aikin daƙiƙai ne?

Takarda ɗaya, ƙofa biyu

Masu babbar sakandare suna rubuta WAEC ko NECO. Masu kwalejin fasaha kuwa suna rubuta jarrabawar hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992, mai hedikwata a birnin Benin na jihar Edo. Wanda ya ci yakan sami takardar NTC in sana'ar fasaha ya yi, ko NBC in ta kasuwanci ce.

Ƙofa ta farko ita ce aiki. Da wannan takarda da ƙwarewar hannunsa, mutum zai iya neman aiki a kamfani ko ya buɗe nasa shagon.

Ƙofa ta biyu ita ce ci gaba da karatu. Hukumar JAMB tana karɓar sakamakon NABTEB kamar yadda take karɓar na WAEC da NECO. Sharaɗin shi ne ka sami kiredit ɗin da ake buƙata a darussan da suka dace da abin da kake son karantawa, kamar Turanci da lissafi, sannan ka ci jarrabawar JAMB ɗin. Daga nan kana iya shiga jami'a ko foliteknik, kamar ta Kaduna. A foliteknik ana yin ƙaramar difloma shekara biyu, a fita sanin makamar aiki na shekara ɗaya, a dawo a yi babbar difloma shekara biyu. Wanda ya ci ƙaramar difloma da kyau yana iya neman shiga jami'a kai tsaye daga aji biyu. Hukumar NBTE da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1977, ita ce ke sa ido kan ingancin irin wannan karatu.

Yayana ya ce ribar da ya fi gani ita ce, tun yana aji biyu yake bin wani mai wayarin a lokacin hutu. Yanzu da abin da yake samu yake sayen littattafai da biyan kuɗin mota, ba sai ya jira Baba ba.

A yi hattara da abu uku

Na ɗaya, ba kowace kwaleji ce ke da isassun kayan aiki ba. Kafin ka zaɓa, ka roƙi mahaifinka ko yayanka ya raka ka, ku ga ɗakin aikin da idonku, ku tambayi ɗaliban ko injinan suna aiki. Gani ya kori ji.

Na biyu, kada son aikin hannu ya sa ka yi wasa da Turanci da lissafi. In ka faɗi ɗaya daga cikinsu, ƙofa ta biyu tana iya rufewa har sai ka sake jarrabawa.

Na uku, ka duba burinka. Mai son zama likita ko lauya, babbar sakandare ce hanyarsa. A can ma, tun 2011 aka shigar da darussan sana'a a manhaja, kamar ɗinki da gyaran wayar salula. Ke nan ba wanda zai ce bai sami dama ba. 'Yan uwana mata, mu ma da mu ake, domin mita da sukundireba ba su san namiji ko mace ba.

Roƙona ga malamanmu shi ne su ware mana rana ɗaya kafin jarrabawa, a gayyato tsofaffin ɗaliban da suka bi kowace hanya su yi mana bayani. Mu kuma ɗalibai mu daina yi wa juna dariya kan abin da ba mu bincika ba. Ga ɗan ajinmu da aka yi wa dariya: in har abin da kake so ke nan, ka yi shawara da iyayenka, ka riƙe lissafinka da kyau, ka tafi.

Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya yi mana zaɓi mafi alheri, amin.

Daga 'yar ƙungiyar 'yan jarida, aji uku.