Tsilar Yanyawa a Ƙasashen Ƙanƙara: Rayuwa Tsakanin Maci da Abin Ci

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya san tsila, watau tsutsar nan mai faɗi da gaɓa-gaɓa wadda kan zauna a hanjin mutum ko dabba, ya kuma san yanyawa. Wannan maƙala za ta dubi wata ƙaramar tsila da masana ke kira Echinococcus multilocularis, wadda ke rayuwa a hanjin yanyawar ƙasashen sanyi na arewacin duniya. Yanyawar can dangin tamu ce, sai dai ta fi ta kaurin gashi, kuma akasarinta kan rikiɗe fari fat idan hunturu ya shigo. Manufar ita ce a nuna cewa wannan tsutsa ba ta iya kafuwa a wuri sai dabbobi biyu sun haɗu a cikinsa, mai ci da wanda ake ci, kuma sau da yawa ɗan Adam ne ke haɗa su ba da saninsa ba.

2.0 Yadda Tsutsar Ke Rayuwa

Babbar tsutsar ba ta kai milimita 5 ba, gaɓoɓinta kuma huɗu ne ko biyar. Dubbai kan taru a hanjin yanyawa ɗaya ba tare da ta nuna alamar ciwo ba. Gaɓar ƙarshe ita ce rumbun ƙwai, kuma tana fita tare da kashi ta watsu a ciyawa. A nan ne ɓeran ciyawa, wani guntun ɓera mai gajeren wutsiya, yake haɗiye ƙwan wajen kiwo. Ƙwan kan fashe a hanjinsa, jaririn tsutsa ya bi jini ya isa hanta, inda yake tsiro da ƙananan jakunkuna masu kama da saƙar zuma. Cikin wata biyu zuwa uku hantar ta cika da kawunan tsutsa. Da zarar yanyawa ta cinye ɓeran, kawunan sai su maƙale a hanjinta, bayan kimanin mako huɗu su fara zubar da nasu ƙwan. Ke nan ɓera zango ne, yanyawa kuwa masauki.

Sanyin da ake zaton zai kashe ƙwan shi ne ma ke adana shi. Gwaji ya nuna ƙwan na iya yin wajen wata takwas da rai a sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri, watau irin sanyin firiza ta gida. Shi ya sa masu bincike ke ajiye gawar yanyawa a digiri 80 ƙasa da sifiri na kwanaki kafin su feɗe ta. Abin da ƙwan ba ya jurewa shi ne zafi da bushewa.

Mutum ba ya cikin wannan lissafi, faɗawa yake yi bisa tsautsayi idan ƙwan ya shiga bakinsa ta hannu ko abinci ko gashin kare. A hantarsa tsiron yana tafiya a hankali, shekara 5 zuwa 15 kafin alamu su bayyana, yana kutsawa cikin nama tamkar ciwon daji. Idan ba a yi magani ba, mafi yawan masu ciwon ba sa tsira. Maganin shi ne tiyata idan an gano da wuri, da kuma shan albendazole na shekaru, wani lokaci har ƙarshen rai.

3.0 Yadda Aka Gano Ta

A 1855 Rudolf Virchow ya gane cewa wani kumburin hanta da likitocin Jamus ke ɗauka ciwon daji ne, aikin tsutsa ne, kuma a 1863 Rudolf Leuckart ya raɗa mata suna. Amma an shafe kusan shekara ɗari ana gardama a kan ko ita ce tsilar kare da aka sani, Echinococcus granulosus, ko kuwa jinsi ne na daban. Ita wannan ta karen muna da ita a ƙasar Hausa. Ita ce ke haddasa jakar ruwan da mahauta kan tarar a huhu ko hantar raƙumi da tumaki, wadda idan aka jefa wa kare aka ba tsutsar abin da take nema.

An warware gardamar a shekarun 1950. Robert Rausch da Everett Schiller sun bi sawun tsutsar a tsibirin St. Lawrence na Alaska, tsakanin yanyawa da ɓera, Hans Vogel kuma ya yi irin wannan aiki a kudancin Jamus, aka tabbatar jinsi ne mai zaman kansa. Mutanen tsibirin, 'yan ƙabilar Yupik, suna kamuwa ne ta karnukansu, domin kare na cin ɓeran da ke kewayen gida ya maye gurbin yanyawa. Daga 1980 aka shekara 10 ana bai wa karnukan ƙauyen Savoonga maganin praziquantel kowane wata, sai yawan ɓerayen ƙauyen masu ɗauke da tsutsar ya sauko daga kashi 29 cikin ɗari zuwa kimanin kashi 5.

4.0 Misalin Svalbard

A ganina babu inda ya fi fito da hujjar wannan maƙala kamar Svalbard, tarin tsibiran ƙasar Norwe da ke can kusa da ƙuryar arewacin duniya. Yanyawa ta daɗe a wurin, tana rayuwa da tsuntsayen teku da ƙwansu da mushen barewar ƙanƙara. Amma tun asali babu ɓera ko ɗaya a tsibiran. Saboda haka ko da yanyawa mai tsutsa ta shigo daga Siberiya, ƙwan da ta zubar a banza yake tafiya. Shigowar kuwa ba abin mamaki ba ce, domin teku kan daskare ya zama hanya. A 2018 masu bincike na Norwe sun bi wata matashiyar yanyawa da suka rataya wa na'ura, ta tashi daga Svalbard ta isa tsibirin Ellesmere na Kanada cikin kwana 76, tafiyar fiye da kilomita 3,500.

Abin da ya sauya al'amarin shi ne haƙar kwal. Rashawa sun kafa garin ma'adinai a Grumant, kuma ana kyautata zaton cikin harawar da jiragen ruwa ke kawo wa dabbobinsu ne wani ɓeran ciyawa na gabashin Turai ya shigo. An watse daga garin a shekarun 1960, ɓeran bai tafi ba. Ya sami mafaka a gindin duwatsun da tsuntsaye ke sheƙa a kansu, inda kashinsu ya zama taki, ciyawa ta yi kauri. Yanyawa ma can take zuwa neman tsuntsu. A 1999 aka fara samun tsutsar a hantar ɓerayen Grumant, kuma bincike ya nuna yanyawar da ke kusa da wurin ta fi ta nesa kamuwa ƙwarai. Wato yanyawa ce ta kawo tsutsar, amma harawar ɗan Adam ce ta ba ta wurin zama.

A tsibirin Rebun na arewacin Japan akasin haka aka yi. Can ɓera ne ɗan gida, yana ɓarnar itatuwa, sai tsakanin 1924 da 1926 aka kawo yanyawa daga tsibiran Kuril domin ta rage shi, a kuma ci ribar fatarta. A shekarun 1930 aka sami mutum na farko da ciwon, daga baya adadin ya haura ɗari a wannan ɗan tsibiri.

Har yanzu ba a sami tsutsar a babban yankin ƙasar Norwe ba. Dokar ƙasar ta tilasta a bai wa kare maganin tsila kwana ɗaya zuwa biyar kafin a shigo da shi daga inda cutar take, kuma wannan doka ta shafi karen da ya fito daga Svalbard duk da cewa ƙasa ɗaya ce.