Garkuwar da Ta Karye Takan Miƙe: Yadda Jiki Ke Farfaɗowa da Maganin HIV

Sunan da Bahaushe ya raɗa wa cutar ma ya isa shaida: ƙanjamau. Abin da ido ya gani ke nan a shekarun farko, mutum ya rame, ya ƙanjame, har wasu na kiran ciwon “kabari kusa”. Amma daga 1996, da likitoci suka fara haɗa magunguna uku a yaƙi ƙwayar HIV, labari ya sauya. Yau wanda ya kama magani ya riƙe, garkuwar jikinsa takan dawo. To, yaya take dawowa?

A cikin jini akwai fararen ƙwayoyi da ake kira CD4. Su ne masu tayar da sauran dakarun jiki idan cuta ta kawo hari. Lafiyayyen mutum yana da tsakanin 500 zuwa 1,500 a ɗan mitsitsin ma'aunin jinin da ake awo da shi. Su ne HIV ke shiga, ta hayayyafa a cikinsu, ta hallaka su. Idan suka gaza 200, ƙofa ta buɗe wa tarin fuka, sanƙarau da gudawar da ba ta jin magani.

Maganin ba shi ke gina garkuwa ba. Aikinsa kamar na mai tsayar da gara ne a jikin rumbu; jiki shi ne magini. Ƙwayar TLD da ake sha sau ɗaya a rana tana hana cutar hayayyafa, kuma galibi cikin wata shida yawanta a jini yakan ragu har awo ya kasa ganinta.

Daga nan farfaɗowa takan zo hawa biyu. A watannin farko adadin CD4 yakan yi tsalle, domin ƙwayoyin da suka maƙale a kaluluwa, inda ake gwabzawa, sun sami sararin komawa cikin jini. Hawa na biyu shi ne mai cin lokaci: ɓargo da wata 'yar halitta da ke bayan ƙashin ƙirji su ke samar da sababbi, abin da ba ya wuce ƙarin 50 zuwa 100 a shekara ga yawancin mutane. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai wani abu da ke razana majinyata. Wani zai fara magani, bayan 'yan makonni sai zazzaɓi ya rufe shi, tari ya tsananta, kaluluwa ta kumbura, sai 'yan uwa su ce, “Maganin nan bai karɓe shi ba.” Sau da yawa ba haka ba ne. Garkuwar ce ta farka ta tarar da baƙin da suka daɗe a ɓoye, musamman tarin fuka, ta far musu da ƙarfi. Abin yi shi ne a koma asibiti nan take, ba a ajiye ƙwaya ba. Shi ya sa ake binciken tarin fuka kafin a fara, ake kuma haɗa wa masu rauni maganin Septrin ya tsare su kafin jiki ya tsaya da ƙafarsa.

Sai dai ba kowa ke farfaɗowa daidai ba. Wanda ya fara magani garkuwarsa ta riga ta zube, ko shekaru sun ja, yana iya daɗewa bai kai 500 ba, ko da cutar ta kwanta. Dalili ke nan da a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk wanda aka samu da HIV a ɗora shi kan magani ba tare da jiran CD4 ta sauka ba. Kuma maganin ba ya tumɓuke cutar. Tana laɓe a wasu ƙwayoyin jiki, da an daina sha, cikin makonni take dawowa ta rushe ginin shekaru.

Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da HIV a Nijeriya. 'Yan uwanmu ne, maƙwabtanmu ne. Wanda cutar ta kwanta a jininsa ba ya sa wa abokin aurensa ita ta hanyar kwanciya. Don haka mai karatu, je ka yi gwaji tun kana jin ƙarfinka. In kana kan magani, kada ka tsallake rana. In kuma ɗan uwanka ne, ka zama mai tuna masa, ba mai tsangwamarsa ba.