Rogo, hanta da ma'anar «fitar da guba»

A bakin jama'a, «fitar da guba» kan tafi tare da «wankin ciki», wato a sha wani abu ya kore datti. Wannan fahimta tana ɓoye ainihin aikin da jiki ke yi, kuma rogo zai ishe mu misali.

Rogo, musamman mai ɗaci, yana ɗauke da sinadarin linamarin, wanda ke sakin gubar siyanur. Jiƙawa, matsewa da shanyawa suna rage yawanta ƙwarai. Abin da ya saura, hanta ce ke haɗa shi da farar wuta, ya koma tiyosiyanat mai sauƙin illa, sannan ƙoda ta zubar da shi cikin fitsari. Farar wutar nan kuwa daga abinci mai gina jiki take fitowa: ƙwai, kifi, nama, riɗi da gero. Rogon kansa ba ya da ita sai kaɗan.

Ke nan haɗarin ya fi tsanani lokacin yunwa, sa'ad da ake gaggauta sarrafa rogo, kuma babu mahaɗi. Haka ya faru a lardin Nampula na Mozambik cikin farin 1981, inda cutar konzo ta shanye ƙafafun mutane fiye da 1000.

Saboda haka, a littattafan yaƙi da jahilci ya kamata mu bambanta: hanta tana «sauya» guba, ƙoda tana «fitarwa», abinci kuma shi ke ba su kayan aiki.