Karatun Yara a Gida: Yaya Za a Raba Lokaci?



A 2020 annobar korona ta sa aka rufe makarantu. A 2021 kuma, bayan an sace ɗalibai a Jangebe da Maradun, gwamnatin Zamfara ta sake rufe su na wani lokaci. Tun daga nan waɗansu iyaye suka ɗauki nauyin koya wa yaransu a gida. Kukan da muka fi ji shi ne: "Ga gona, ga kasuwa, ina lokacin yake?"

To, ku kwantar da hankalinku. Malamin aji yana raba lokacinsa tsakanin yara da yawa, shi ya sa makaranta take cin rabin yini. Wanda ya zauna da yara biyu ko uku ba ya bukatar haka. Awa 1 kowace rana, Litinin zuwa Asabar, ta zama awa 6 a mako. Da yayyafi kogi kan cika.

Ikilisiya ta riga ta ba mu agogo, wato Addu'ar Mala'ika da ƙarfe 6 na safe, 12 na rana, da 6 na yamma. Sai mu rataya karatu a jikinta:

1. Bayan addu'ar safe, minti 20 na karatu da rubutu, tun kan yaro bai gaji ba.
2. Bayan ta tsakar rana, sa'ad da ake hutawa a inuwa, minti 20 na lissafi. A ƙidaya damman gero, mudun wake, da canjin kasuwa.
3. Bayan ta yamma, minti 20 na katikizim da labarin Littafi Mai Tsarki.

Damina fa? Lokacin shuka da noman firi, a rage karatu zuwa na yamma kaɗai, ba laifi. Tun ƙarni na 6 Waliyyi Benedict ya tsara wa sufayensa lokutan aiki da na karatu su riƙa canzawa bisa ga yanayin shekara. Abin da damina ta ci, rani zai biya. Da an kai amfani rumbu, sai a ninka lokacin, musamman cikin kwana 40 na Azumi kafin Ista, da aikin gona ya yi sauƙi.

Wanda bai iya karatu ba kada ya ce ba shi da rabo. Majalisar Vatikan ta Biyu ta koyar a 1965 cewa iyaye su ne malaman farko na 'ya'yansu. Uwa ta koya addu'a da ladabi, uba ya tabbata an zauna a kan lokaci. A taron ƙungiya, gida uku ko huɗu su haɗa yaransu kamar yadda muke gayya, mai ilimi ya koyar, sauran su taya shi noma. Ran Lahadi bayan sujada, a nuna wa katakis littattafan yaran ya duba.

In rashin lafiya ko tashin hankali ya hana karatu yau, gobe a ɗora daga inda aka tsaya. Kuma duk inda makaranta take buɗe, hanya tana da lafiya, a mai da yara aji, na gida ya zama ƙari.

Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka. Amin.