Jelar Kitso: Yadda Matan Birnin Kudu da Gwaram Ke Tsare Bakin Gashi

Daga ƙarshen Nuwamba, da zarar hazo ya fara lulluɓe duwatsun Birnin Kudu, makitsan wannan yanki sun san irin kan da za a riƙa kawo musu. Tushen gashin lafiya lau, baƙi wuluk, amma bakinsa ya yi jaja-jaja, ya ƙeƙashe. In aka murza shi tsakanin yatsu sai a ji ƙaras-ƙaras, gutsattsari su zubo a kan zane. Mai kan za ta zauna a tabarma da ƙorafinta: "Goggo, gashin nan nawa ya tsaya, ya ƙi fita." Tsohuwar makitsiya kuwa takan kama jelar ta ɗaga, ta ce: "Bai tsaya ba, 'yar nan. Ta baki yake ƙarewa."

Gaskiya ta faɗa. Gashin mutum yana ƙaruwa da kusan santimita 1 a wata, ko an shafa masa mai ko ba a shafa ba. Ke nan macen da gashinta ya kai santimita 30, bakin nan da take riƙewa a hannu ya doshi shekara 3 da fitowa. Ya sha hunturu uku, ya sha mataji, ya sha sabulu da rana da gugar ɗankwali. Fatar kai tana fitar da maiƙonta, amma gashinmu murɗaɗɗe ne, maiƙon ba ya iya gangarawa har ƙarshe. Tushe yana cikin daula, baki yana cikin fari. In abin da ke karyewa a ƙasa ya kai abin da ke fitowa a sama, sai mace ta shekara tana ganin gashinta wuri ɗaya. Duk wata al'adar gyaran kai da mata suka gada a nan, in aka bi ta a hankali, za a tarar wannan bakin take karewa.

Ƙasar ma ta taimaka. Birnin Kudu da Gwaram, dukansu a masarautar Dutse, su ne kudancin Jigawa, jihar da aka cire daga Kano a 1991, kuma suna maƙwabtaka da Bauchi. Ruwan sama ya fi na su Gumel da Maigatari yawa, daji ya fi duhu. Akwai kaɗanya da ɗorawa da tsamiya da magarya, akwai gonakin riɗi da gyaɗa, ga rugagen Fulani kusan ko'ina. Macen da ta shiga kasuwar Sara ko ta Babaldu za ta iya haɗa duk abin da kanta ke bukata ba tare da ta taɓa kwalbar kanti ko ɗaya ba.

Aikin yana farawa ne daga tsifa, kuma a nan ake yin ɓarnar da ta fi yawa. Kitson da ya yi mako uku ko wata guda ya tara ƙura, gashin da ya faɗi da kansa ya maƙale a ciki ya cukurkuɗe. Wadda ta san kan abin ba ta tsefe kai a bushe. Takan jiƙa hannu da ruwa ta bi jelar, ta lakaci mai ta murza, sannan ta sa kibiya ta fara warwarewa daga can ƙarshe tana hawowa. Da wuya mace ta yi wa kanta. Ƙanwa ce, ko 'ya, ko abokiyar zama, ana yi ana hira a inuwar tsakar gida. Taza ma haka: mataji mai faɗin haƙora, a riƙe gashin a tsakiya da hannu ɗaya don kada a ja tushe, a fara daga baki. Yarinyar da ta cusa mataji daga tushe ta fizgo, za ta ji muryar kakarta tun daga ɗaki.

Sai wanki, kuma a nan karkashi yake sarauta. Ganyen nan da ke fitowa a gonaki da damina, ɗan'uwan riɗi, wanda ake shanyawa a daka don miya, shi ne dai ake jiƙawa a ruwa mai ɗumi har ya saki yauƙi. A tace, a zuba a kai, a bi gashin da yatsu. Yauƙin yana sa sili ya zame ta jikin sili, ƙulli ya kwance da kansa, dauɗa ta fita ba tare da an kwashe maiƙon kai duka ba. Wasu kan yi da garin ganyen magarya, wanda yake ɗan kumfa. In kai ya yi dauɗa sosai a fara da sabulun salo kaɗan, a bi da karkashi. Abin da ke ƙona bakin gashi shi ne wanki da kanwa ko ruwan toka ko garin sabulun wanki. Suna fitar da datti tas, amma suna ɗaɗɗaga ɓawon da ya lulluɓe kowane sili, su bar shi a buɗe ga iska. Karkashin nan da ake rainawa a ƙauye, shi ne matan Chadi ke kira ambunu, kuma da wannan suna ake ƙulla shi a leda ana sayar wa mata a Amurka da Ingila ta intanet.

Man shanu shi ne babban magani, kuma ba soyayye na tuwo ba. Ɗanye ake nema, farin dunƙulen nan da ke yawo a saman nono cikin ƙwaryar Bafulatana. Bayan an wanke kai, tun yana da danshi, sai a raba gashin gida-gida. A ɗebi man a tafin hannu ya narke, a fara da baki, a matsa shi ya shiga, sannan a hau sama. Wadda bakin gashinta ya yi tsanani takan cika shi sosai, ta tufke, ta ɗaure da tsohon kallabi ta wuni da shi ko ta kwana, washegari ta ɗauraye sama-sama. Ƙarni shi ne aibinsa, musamman in ya kwana biyu a zafi. Shi ya sa ake daka kanumfari a zuba, ko a turara kan da turaren wuta bayan an gama. 'Yan mata da yawa yanzu suna gudunsa saboda wannan ƙarnin, amma duk wanda ya dubi kan matan ruga, waɗanda ke yini a rana da ƙwarya a ka kuma jelarsu na sauka har kafaɗa, ya san man yana aikinsa.

Man kaɗe ya fi shi nauyi, ya fi shi jure iska, don haka shi ne na tsakiyar hunturu. Ana tsintar 'ya'yan kaɗanya a farkon damina, a dafa ƙwallon, a shanya, a fasa, a soya, a niƙa, a yi ta bugawa da ruwa har man ya taso. Wahalarsa ta sa ba a almubazzaranci da shi: ɗan kaɗan a yatsa, a bi jela ɗaya bayan ɗaya. Akwai alayyadi da ke zuwa daga kudu, baƙi mai ƙauri, wanda iyaye mata ke shafa wa yara. Akwai man gyaɗa da man riɗi na gida. Duk cikinsu ƙa'ida ɗaya ce, kuma ita ce mutane suka fi mantawa: mai ba ya jiƙa gashi, ruwa ne ke jiƙa shi. Aikin mai shi ne ya rufe ruwan a ciki. Wadda ta lafta mai a kan busasshen gashi za ta samu ƙyalli na yini ɗaya, ƙura ta manne, bakin ya ci gaba da karyewa a ƙarƙashi. Tsofaffi ba su taɓa shafa mai sai a kan danshi.

Lalle ma yana shiga, amma da taka-tsantsan. Yana lulluɓe sili ya ƙara masa kauri, yana rage amosani, sai dai in aka yawaita shi kaɗai yakan bar gashi da tauri. Masu yi sukan kwaɓa shi da man shanu ko ƙwai, kuma ba kowane wanki ba.

Kitson kansa shi ne rumbun da ake adana gashin. Zane, shuku, kalaba, har doka irin ta iyayenmu da yanzu sai a tsofaffin hotuna, kowanne yana tattara dubban silla wuri ɗaya ya hana su gugar juna. Ana gane gwanar makitsiya ne a yadda take ƙarasa jela. Ba ta barin baki a warwatse. Takan kitse shi har ƙarshe da ɗan mai a yatsa, ta murɗe, ta kalmashe shi ta cusa ƙarƙashin wani layin, ko ta haɗa jelolin ta naɗe da zare. Bakin da aka ɓoye haka zai yi mako uku bai ga iska ba. Akwai kuma makitsiyar da ake yabo da zafin hannu, wadda kitsonta ke sa goshi ya ɗaure, mace ta kwana biyu ba ta iya sujada da daɗi. Ina ganin wannan yabo bai dace ba. Jan da ya yi yawa yana cinye gaban kai, kuma in ya daɗe gashin wurin ba ya dawowa. "Yaya, sassauta hannu" magana ce da ya kamata kowace mace ta iya faɗa ba kunya, ko da makitsiyar ta girme ta.

Rufe kai, wanda addini da al'ada suka haɗu a kansa, yana kare gashi daga rana da ƙura. Amma ɗankwalin atamfa auduga ne, yana tsotse mai yana kuma gugar jela. Dalilin da ya sa tsofaffi ke ware wani tsohon kallabi da ya riga ya sha mai don kwana ke nan; yau wasu sun koma hula mai santsi. A mazhabar Malikiyya da ake bi a nan, mace ba sai ta tsefe kitso ba don wankan janaba muddin ruwa zai ratsa, saboda haka matar aure kanta yana yawan jiƙa. Wannan ba laifi ba ne ga gashi, in dai za a bar shi ya sha iska a bi jelar da mai. Ɗaure jiƙaƙƙen kai cikin hijabi ne ke kawo wari da ƙaiƙayi.

Lokuta ma suna da nasu tsari. A goman ƙarshe na azumi gidan makitsiya ba ya rabuwa da layi har dare, kuma a wannan gaggawar ce ake tsefe kai a bushe, a yi kitso da ƙwarƙwata. Amarya ana fara gyaran kanta tun kafin ranar lalle. Maijego ana yi mata kitson suna, sannan bayan wata biyu ko uku gashi ya fara zuba, hankalinta ya tashi. Wannan zubar daga tushe take, ta canjin jiki ce bayan haihuwa, kuma takan tsaya da kanta. Ba ita ce karyewar baki ba, ba kuma maganinsu ɗaya ba. Mai takaba kuwa, wata huɗu da kwana goma, ba ta kitson ado, amma dattijai kan ce ta riƙa shafa mai marar ƙamshi, don barin ado ba barin kai ya lalace ba ne.

Abin da ya sauya al'amarin nan shi ne man miƙar da gashi da ake kira rilaksa, wanda ya shigo daga birane ya kai har ƙauyuka. Da yawansu soda ce a ciki, irin wadda ake dafa sabulu da ita. Tana karya ƙarfin sili don ya miƙe. In za a sake, sabon tofon da ke tushe kaɗai ya kamata a shafa wa, amma a gida akan lafta shi har baki, wurin da ya riga ya sha sau uku ko huɗu. A ƙara da ƙarfen zafi da baƙin rini, sai jela ta koma kamar gashin masara bayan girbi. A Oktoban 2022 wani bincike na cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka, a kan mata sama da 33,000, ya nuna cewa masu yawan amfani da irin waɗannan mayuka sun fi fuskantar sankarar mahaifa. Shi kuma garin chebe na matan Chadi, da ake tallarsa yanzu a matsayin mai sa tsawo, ba ya ƙara saurin fitar gashi. Su ma can jiƙawa suke yi, su shafa shi da mai a jikin gashin ban da fatar kai, su kitse. Hanyar dai ita ce ta kakanninmu.

Inda al'adar ta fi rauni shi ne datsewa. Silin da ya riga ya tsage biyu ba ya haɗewa, ko da man shanun ruga guda aka zuba masa. Mai yana kwantar da shi ne kawai, tsagar kuma tana ci gaba da hawa. Magani shi ne almakashi mai kaifi, a cire kamar faɗin yatsa ɗaya daga inda ya lalace, sau biyu ko uku a shekara, ba reza ba, ba kuma tsinkewa da hannu ba. Amma mata da yawa ba sa yarda ƙarfe ya taɓa kansu. Wata tana jin asarar abin da ta shekara tana tarawa, wata tana tsoron inda gashin zai faɗa. Tun muna yara ake hana barin gashin tsifa a tsakar gida: a dunƙule shi a binne, ko a cusa a tsagar katanga, kada tsuntsu ya kai sheƙa mai shi ta yi ta ciwon kai, kada kuma maƙiyi ya samu abin sammu. Makitsan da suka fahimci wannan tsoro ba sa gardama da shi. Sukan shimfiɗa ɗankwali a cinyar mai kan, su datse a gabanta tana gani, su tattara abin da aka cire su damƙa mata a hannu ta je ta binne da kanta, sannan a jiƙa sabon bakin, a shafa mai, a fara kitso.